Farfesun da Ya Cinye Muryar Babana

Edita, na daɗe ina son rubuto wannan, sai yau na samu ƙarfin hali. A ƙarshen shekarun 1980 ina auren wani malamin firamare a ƙauyenmu kusa da Auyo, ina da 'ya'ya biyu, kuma ina ji da kaina wajen girki da sanin magani. Ba na son a gyara mini zance, har mijina ya gaji ya bar ni da halina. Babana shi ne ladanin garin fiye da shekara ashirin. Babu lasifika, amma masunta a cikin kwalekwale da muryarsa suke sanin lokaci. Tun rasuwar Inna ni ke kai masa abinci.

Wata damina ya fara busasshen tari, muryarsa tana dishewa, ƙirjinsa yana fito idan ya ja numfashi. Ban yi wata-wata ba na ce sanyin fadama ne, tunda yana wuni cikin ruwa a gonar shinkafa. A wurinmu kuwa zafi ke korar sanyi. Kullum bayan azahar sai in haɗa masa farfesun tarwaɗa, in zabga barkono da citta da masoro, in zuba man shanu don maƙogwaro ya yi laushi, in tsaya a kansa sai ya shanye. Yana ajiye kwano zan sa ya miƙe a tabarma ya yi ƙailula, wato ɗan barcin rana, in lulluɓe shi don ya yi gumi. Ya sha gaya mini wani ruwa mai tsami yana taso masa har baki, ƙirjinsa yana ƙuna. Sai in ce ƙwannafi ne kawai, in jiƙa masa kanwa, in ce alamar magani yana aiki ke nan. Kiran la'asar ne ya fara lalacewa. Yakan farka a shaƙe, ya fara kiran, tari ya katse shi a tsakiya. Ni kuwa sai in ƙara barkono.

Maƙwabciyata nas ce 'yar Filato, mijinta yana koyarwa tare da nawa. Wata rana ta ja ni gefe ta ce tana zaton ciwon Baba daga ciki yake tasowa, in rage yajin, in bar shi ya zauna bayan cin abinci, a kuma kai shi wurin likita. Na ce mata ciki daban, ƙirji daban, kuma ita da ta taso a kan duwatsu me ta sani game da sanyin kogi. Ta ba ni haƙuri ta shiga gida. Har yau idan na tuna wannan maganar kunya ce ke kama ni.

Kusan shekara biyu muna haka. Ranar da ya shaƙe cikin barcin rana har leɓensa ya canja launi, zazzaɓi ya biyo baya, sai muka kai shi asibiti a Haɗeja. Likita ya tambayi abin da yake ci da lokacin da yake kwanciya, na jero masa da fahariya. Ya bari na gama, sannan ya yi mini bayani a hankali: ruwan tsamin da ke cikin mutum, idan ya kwanta da cikakken ciki, yana iya tasowa ya ƙona maƙogwaro, ya zarce hanyar numfashi ya shiga huhu. Yaji da maiƙo suna ƙara tunzura shi. Ya ce huhun zai warke da izinin Allah, amma muryar ta daɗe tana ƙonewa, bai yi mana alkawarinta ba.

Tarin ya tafi cikin 'yan watanni, da magani da rage yaji da ɗaga kai idan zai kwanta. Muryar ba ta dawo ba. Aka naɗa wani ladan. Baba ya yi shekara shida yana magana kamar mai raɗa har ya rasu, bai taɓa cewa ni na jawo ba, sai ma ya riƙa tsokanata wai ya yi kewar farfesuna. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya shi ne ƙauna ba ta zama ilimi, kuma mara lafiya ya fi mai jinya sanin inda ke masa ciwo. Don Allah wanda yake da mai tarin da ya ƙi jin magani, ko fuka, ko dishewar murya, kuma yana kukan ƙwannafi, ya haɗa su duka ya faɗa wa likita, kada ya yanke hukunci a madafa kamar ni. Na sha tarar da Baba a ƙofar gida lokacin la'asar, sabon ladan yana kira, shi kuma ya ɗora hannu a kunne, leɓensa yana motsi, babu abin da ke fita.