Finjalin da Ustaza Intisar Ta Ajiye

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga Rabi'us Sani, shugabar makarantarmu ta 'yan mata a nan Tafila ta leƙo ajina ta ce, "Ummu Bashar ta rasu." Ke ke nan, Ustaza Intisar. Ana gobe za ki rasu muka rabu a bakin ƙofa kina yi min tsiya a kan takalmina mai tsini. Wallahi har yau zuciyata ba ta yarda ba.

Ke kika kawo mana shirin lambar yabo ta matasa. Kika ce kafin yarinya ta samu, sai ta yi wa jama'a hidima, ta koyi sana'a, ta motsa jiki, sannan ta sauka kwarin Dana da ƙafa ta kwana a tanti. Ukun farko ba wanda ya ce uffan, na huɗun ne ya ta da ƙura. Na ce miki, "Ke dai akwai jan magana. Wane uba ne a garin nan zai bar 'yarsa ta kwana a daji?" Kika ce, "To, bari in je su ba ni gahawa."

Ashe ba sha za ki yi ba. Gida-gida kika bi, a zuba miki, ki ajiye finjalin, ɗan kofin gahawar, a ƙasa, yadda dattawa suke yi in sun zo da roƙo, ba sa sha sai an biya musu bukata. Mace, malamar lissafi! Wani ya yi dariya, wani ya ɗaure fuska, amma ƙarshenta sai a ce, "Sha gahawarki, Ummu Bashar, an ba ki."

Ban da Abu Nawwaf, mahaifin Shuruƙ, ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari. Ita ke raka tsofaffin unguwarsu asibiti, hannunta duk ya yi kanta da saƙar darduma, tafiyar kawai ta rage mata. Uban ya bar gahawar ta huce, ya ce, "Wannan al'adar maza ce, 'yar'uwa. Ki dawo bayan tsinkar zaitun." Kika tashi ba ki sha ba. A mota kika ce min, "Yarinyar nan ba za ta tsaya tana tafa wa wasu ranar ba da lamba ba." Zaitun bai gama nuna ba Allah Ya karɓi abinsa.

Ana share makoki wasu suka fara cewa a jingine shirin, ai mai shi ta tafi. Raina ya ɓaci. Ni da nake haki in na hau bene, na sayi takalmin tafiya, na nufi gidan Abu Nawwaf. Aka zuba, na ajiye. Na ce ba zan sha ba sai ya bar Shuruƙ ta je.

Ya dubi finjalin, ya ce, "Baƙuwa ta fita gidana ba ta sha gahawata ba, ta rasu ban wanke wannan abin kunya ba." Ya zuba na biyu ya ajiye kusa da nawa. "Shanye duka biyun, Ustaza. Shuruƙ za ta je, ni zan kai muku ruwa da motata."

Na sha naki, Intisar. Da ɗaci, kuma ban rage ko ɗigo ba. Ranar Alhamis za mu sauka Dana da yardar Allah, kuma muddin ina numfashi ba mai jingine shirin nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Abu Bashar, da Bashar da ƙannensa, da ɗalibanki. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ke kuma, 'yar'uwata, Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Kin bar abin sha a duniya saboda 'ya'yan mutane, Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Amin.