Haƙurin da Na Bayar a Kan Kibiyar Azurfa

Ranar wata Juma'a ce a watan Mayun 1997, ina da shekara goma sha ɗaya, na tsaya gaban 'yan ajinmu a garin Silver Spring na Amurka riƙe da jirgin sama na katako mai launin azurfa. Malamarmu, Misis Dolan, ta ce kowa ya kawo wani abu game da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi bayani. Yara uku sun kawo jiragen Amurka na roba, irin waɗanda ake saye a kwali a harhaɗa. Ni kuwa na ce nawa na mutanen Hungari ne, su suka zana shi suka ƙera, sunansa Kibiyar Azurfa, guda ɗaya tak aka yi, kuma ya faɗi wajen gwaji bai ga fagen daga ba. Ban ƙarasa ba ta tsayar da ni. Ta buɗe wani ƙaton littafin jirage da ta aro daga laburare, ta yi ta juya shafuka, yara na dariya ƙasa-ƙasa, sannan ta rufe. "Babu wannan jirgin, Saratu," in ji ta. "Jamus ce ke ba su jirage. Tarihi na ce ki kawo, ba tatsuniya ba."

Shekararmu biyu ke nan da zuwa daga Kaduna. Muna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene, Mama tana aikin nas, Baba yana karatu yana kuma gadi a wani ofis a Washington. Wanke-wanke da tuƙin tuwon semo duk nawa ne, sai in na gama nake sauka filin ajiye motoci mu yi tsallen igiya da yaran Habasha da na Ghana. Kowace Asabar nakan ja kwandon kayan wanki zuwa ɗakin injunan wanki a ƙasa. Kusa da ɗakin wani tsoho yake zaune shi kaɗai, muna ce masa Kaka Lazlo. Kullum ƙofarsa a buɗe, warin gam da fenti na fitowa, ƙananan jirage na lilo a jikin zare daga silin.

Shi ya ba ni labarin Kibiyar Azurfa. Yana saurayi ya koyi aikin kafinta a wata masana'anta a Budapest, babban birnin Hungari, kuma yana cikin waɗanda suka manna katakon fukafukanta. Bai taɓa yi mini alfahari da yaƙin ba. "Mugun ɓangare muka yi wa aiki," yakan ce da Turancinsa mai nauyi, "amma jirgin ya tashi, da idona na gani." Mako shida muka yi muna aikin ƙera ƙaramin samfurinsa da katako. Ya zana mini siffar a takarda, amma ya ƙi taɓa wuƙar. Ni na yanka, ni na goge da sanfefa har yatsuna suka yi kanta, sau uku yana sa ni sake fiffiken hagu saboda ya karkace. Mama takan aika masa da miyan kuka, shi kuma ya aiko mata da jan barkonon ƙasarsu, wanda ta ce ko yaro ba zai sa atishawa ba.

Ran Juma'ar nan malama ta haɗo ni da takarda zuwa gida, wai na ƙirƙiro ƙarya na kawo a matsayin aikin makaranta. Baba ya karanta a tsaye, ko takalmi bai cire ba. Na roƙe shi ya sauka hawa uku kacal ya tambayi tsohon. Ya ƙi. Ya ce ba zai ja mutumin da ya yi wa abokan gaban Amurka aiki zuwa makaranta ba, alhali takardun zamanmu ba su gama fitowa ba. "Baƙo ba ya jayayya da mai gari," in ji shi. Mama ta buɗe baki ta ce, "Baban Saratu, ai yarinyar nan ba ta..." Ya kalle ta, ta koma kicin.

Ran Litinin Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya raka ni. A bakin aji, yara na leƙowa, ya dafa kafaɗata ya ce in ba malama haƙuri. Na ce ta yi haƙuri. Ya ce in faɗi laifina. Na ce na yi ƙarya. Misis Dolan ta yi murmushi ta ce ta ji daɗin ganin iyaye masu tarbiyya, shi kuma har da rusunawa yana godiya. Ita ba ta sani ba, ba ta kuma damu ta sani ba, tunda littafinta bai faɗa ba. Shi kuwa ubana ne, ya san ban iya ƙarya ba, ko kuma haka na ɗauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na yi daga baya. Da Kaka Lazlo ya tare ni a ɗakin wanki yana tambaya yaya aka ƙare, sai na ce masa ni na zo ta ɗaya. Ya yi ta tafa mini. An sa ni amsa ƙaryar da ban yi ba, ga shi na yi ta gaske, kuma ga mutumin da bai cancanta ba. Daga nan na koma yin wanki ran Lahadi, lokacin da na san ya fita. Kafin sanyi ya shigo ɗansa ya zo ya tafi da shi wata jiha, ban ko yi masa sallama ba.

Bara na je gaida Baba a Woodbridge, ya tsufa, yana zaune da bargo a gwiwa. Hira ta kawo mu kan tsohon benenmu, na ciro waya na rubuta sunan jirgin. Nan take hoton ya fito, fari da baƙi, yana tsaye a kan ciyawa. Baba ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe da gaske ne." Shekaru kusan talatin ina yi masa uzurin tsoro, ashe shi ma bai yarda da ni ba. Na karɓi wayata na shiga kicin wajen Mama, don kada in faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba.

Yanzu 'ya'yana a Sterling ba sa buƙatar kowa ya shaide su, in aka musa musu sai su latsa waya a ga gaskiya. A zamaninmu ba mu da komai sai bakinmu da manyan da za su tsaya mana. Nakan yi kewar warin gam da ƙofar nan da ba a rufewa, nakan kuma so a ce na sauka na gaya wa tsohon yadda aka yi. Shi kaɗai ne ya kamata in ba haƙuri.