Na Bakin Taga

Kwana biyu cur wata nas ta sa aka hana ni abinci a asibiti, ni da ƙafa kawai na karya. Har yau ban yafe ba.

Ni bakanike ne a Kakuri. Jak ya zame, mota ta sauko min a ƙafa, aka kwantar da ni a ɗakin maza, gadona jikin ƙofa. A bakin taga akwai wani tsoho mai gwaiwa yana jiran tiyata. Da safe ruwan sama ya dinga feso masa, ya ce, "Ɗana, mu yi musanya mana." Na tausaya, masu shara suka tura gadajenmu. Tausayin banza.

Ƙarfe biyu suke canjin aiki. Nas ɗin safe ba ta shigowa ciki. Daga ƙofa take miƙa mu ga nas ɗin rana, jaka a kafaɗa, waya a kunne, tana nuni da leɓe: "Na bakin taga kar ya sa komai a ciki, gobe tiyata." Ta wuce neman keken unguwarsu, Kamazou.

Matata ta kawo tuwon masara da miyar kuka a kula, har da man shanu. Nas ɗin rana ta ɗauke kular.

Na ce, "Sista, ni fa ƙafa ce!"

Ta ce, "Oga, duk haka kuke cewa in kun ji ƙamshi."

Tsoho ya ce kar a yi asarar abinci, aka miƙa masa. Ya cinye tas ina kallo, har da siɗe yatsu. Da safe ya ɗora da kokona.

Likita ya zo, ya tarar da shi a ƙoshe yana gyatsa. Aka ɗaga tiyata zuwa gobe, kar ya ci komai. Ƙarfe biyu leɓen nan ya sake nuna taga. Rannan dambu ne da soyayyen kifi. Tsoho har cewa ya yi gishiri ya ɗan yi yawa.

Rana ta uku na ɗingisa da sanda, na tokare ƙofa kafin biyu. Na buɗe kular a gaban nas ɗin safe, na kai loma, sannan na ce:

"Sista, ba ni da gwaiwa, taga ma ba ta da ita. Ajiye jakar nan. Ke da 'yar'uwarki ku bi gado-gado, ku kira sunan mutum ya amsa, ku duba katinsa. In ba haka ba, yau Kamazou sai dai ki ji labari. Wancan tsohon kuma ku yi masa aikinsa, kafin matata ta fara tambayarsa abin da za ta dafa."