Baburin da Chidiebere Ya Daina Kawowa

Kusa da tashar jirgin ƙasa, inda Fagge take miƙa wa Sabon Gari hannu, akwai wata rumfar kwano da hayaƙi ya rine. Nan Baba Azeez yake gyaran babura tun gashin kansa yana baƙi. Kakansa daga ƙasar Yarabawa ya zo fatauci, amma shi a Fagge aka yanke masa cibi. Na daɗe ina zama a bencinsa da hantsi, ba ni da babur, ba ni da abin gyara, sai son hira.

Gwanintarsa a kafireta take, wannan ɗan kwanon da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha. A zamanin acaɓa, layi ake yi masa har bakin titi. Babur yana shawo kwana zai ɗaga kai daga aikinsa ya ce, "Wannan ya ƙoshi har yana amai," ko kuma, "Wancan yunwa ke cinsa." Kafin mai shi ya sauka an gama gane ciwon.

Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai. A cikin kafireta akwai wani ɗan ƙarfen tagulla mai huda da ake kira jet, ta nan mai yake bi. 'Yan acaɓa sun koyi zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki su zura a hudar, don ta matse, babur ya rage sha. Duk wanda Baba Azeez ya kama da wannan, sai ya ɗaga silin sama kowa ya gani, ya yi masa tatas. Inji, in ji shi, rai gare shi, in ka hana shi abinci zai yi zafi ya ƙone fistin.

Wanda ya fi kowa dariya a irin wannan ranar shi ne Chidiebere, mai sayar da kayan babur a Sabon Gari. Aminai ne tun suna samari. Tare suka sauya wa jan baburin Chidiebere halitta: suka sa masa fistin babba, suka buɗe salansa, Baba Azeez ya ɗaura masa jet mai faɗi don mai ya ishi sabon numfashinsa. Baburin ya sami murya mai kauri kamar ta tsohon ladan, cikinsa kuma ya buɗe da shan mai. Suka raɗa masa suna Acici. Kowace Lahadi in an tashi daga coci, Chidiebere zai biyo ta rumfar, 'yarsa Peace a kan tanki.

"Bayarabe mai kunnen zomo, saurara mini shi."

"Lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne dai ya ƙara tumbi."

Sai aka hana acaɓa a Kano. Adaidaita sahu ta cika gari, layin ya watse, rumfar ta yi fili. Shekaru suka ja, ƙarar da ta ciyar da Baba Azeez ta fara karɓar ladanta: kunnensa ya yi nauyi. Ya ɓoye iya ƙoƙarinsa, yana kallon leɓen mutum yana gyaɗa kai.

Daidai wannan lokaci, bayan fetur ya yi tsada, Chidiebere ya daina zuwa da Acici. Yana zuwa, amma a ƙafa. In an tambaye shi sai ya ce babur yana hutawa. Da yamma kuwa mutane suna ganinsa a kai a Titin Ibrahim Taiwo. Abin ya tsaya wa Baba Azeez a rai. Ni ya gaya wa, yana goge hannu da tsumma.

"Malam, ya gane na daina ji. Yana kai shi wani wuri, ba ya son ya kunyata ni."

Da wannan a ransa ya raka amininsa maƙabarta a bara. Bayan damina ya fara kwashe kayan aikinsa cikin buhu. Ya ce in wanda ya fi kowa saninsa ya cire rai da kunnensa, ba shi da hujjar ci gaba da taɓa baburan mutane.

Ranar da zai sauke rumfar ina wurin. Sai ga Peace, yanzu ta zama malamar asibiti, tana turo Acici da hannu, gumi ya jiƙa mata riga. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, na fara hawansa zuwa aiki. Amma in na ja totur sai ya shaƙe, in na saki sai ya yi ta harbi ta salansa. Ga zafi kamar murhu."

Sai da ta maimaita da ƙarfi kafin ya ji. Ya kalli buhun, ya kalli baburin.

"'Yata, kai shi inda babanki yake kai shi."

"Ba ya kai shi ko'ina, Baba. Shi kaɗai yake kwance shi a tsakar gida, ya rufe ƙofa."

Sai ya kwance bakin buhun ya ce ta buga kik. Injin ya tashi. Na ga ya karkata kai irin na da, na kuma ga a fuskarsa cewa ba abin da ya iso. Sai ya ɗauki doguwar sukudireba ya dafa bakinta a jikin inji, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya lumshe ido. Da hannu ya yi mata alama ta ja totur a hankali, ta saki, ta sake ja har ƙarshe. Rawar injin tana bi ta ƙarfe ta shiga muƙamuƙinsa.

"A ƙasa yana lafiya," ya ce. "A sama yake kuka."

Ya kwance fulogi. Bakinsa fari fat kamar toka, alhali na lafiyayyen inji kalar ƙosai yake yi. Yunwa ce. Ya duba robar da ke haɗa kafireta da inji ko iska tana sata, ba ta tsage ba. Ya sauke kwanon kafiretar, ya warware jet ɗin, wanda shi ya ɗaura da hannunsa, ya ɗaga shi saitin rana. Hasken da ya kamata ya fito zagaye, rabi ya fito.

Da farce ya kamo abin da ya tare hudar. Silin waya, ja, an lanƙwasa kansa da kyau don kada ya zame.

Ya daɗe yana kallonsa. Kafaɗunsa suka fara rawa, na zaci kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake idon ya jiƙe.

"Chidi, ɓarawon mai. Kai ma? Duk dariyar da ka yi wa 'yan acaɓa?"

Peace ta ce ba ta gane ba. Ya zaunar da ita a benci ya bayyana mata: fetur ya fi ƙarfin babanta, ga babur mai ci, sai ya matse masa maƙogwaro. Ya kuma san muddin ya shawo kwanar rumfar nan a kan Acici, asiri ya tonu.

"Ba raina kunnena ya yi ba," ya ce, yana kallona. "Tsoronsa yake ji."

Ya wanke jet ɗin da fetur, ya hura, ya mayar, ya ɗan juya sukurun iska, sukudireba a haƙori har rawar ta daidaita. Peace ta zagaya ta wajen tasha ta dawo. Tun daga nesa na ji muryar nan mai kauri da na manta da ita, sai ga Lahadin shekarun baya ta dawo ta tsaya a gabana da takalman cocinta.

"Me yake cewa?" Baba Azeez ya tambaye ta.

Ta matso kusa da kunnensa. "Muryarsa ce irin ta lokacin da nake zama a kan tanki."

Ya naɗe silin a takarda ya miƙa mata, ya ce gadonta ne, amma in ya sake ganinsa a cikin Acici sai ya ɗaga shi sama duk Fagge ta gani. Ta ce zai sha mai fa. Ya ce ai da sunansa aka san shi, ta kawo shi ranar Lahadi a duba fulogin.

Da ta tafi, ya zazzage buhun a kan tabarmar aiki, ya fara mayar da kowane sifana kan ƙusarsa.