Fim Ɗinmu da Aka Ce Ya Mutu

Shekarun baya, lokacin da nake yi wa kaina kallon ɗan fim, ni da 'yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Gwarzo muka shirya wani ɗan fim. Ni na rubuta labarin, ni kuma na fito a dagaci, da rawanin aro da gemun auduga mai zamewa duk sanda na ɗaga murya. A ƙauyen Durun muka ɗauka, a gidan kawuna, da kyamarar wani mai ɗaukar biki. Damina guda muka cinye a kai. Mai kyamarar ya zuba mana shi a faifai ɗaya, daga baya ya goge na wurinsa.

Ɗoki ya hana ni adana shi. Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai na zaunar da shi ya kalla, har mahaifiyata ta ce, "Kai dai ka bari mutane su sha ruwa tukuna." A haka faifan ya karce. Da an zo wurin da dagaci ke yanke shari'ar gona sai hoton ya tsaya cak, ga ni baki buɗe. Na goge shi da man goge baki, na goge da gefen riga, a banza.

Sai na tuna da abokina na makaranta da ke da shagon tura finafinai a Kabo. Na kai masa. Ya ɗaga faifan a haske ya ce, "Bar min shi, zan tsamo maka a kwamfuta." Bayan sati biyu na koma. Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi ya mutu, ko minti ɗaya bai fito ba." Ya miƙo min abina. Har godiya na yi masa.

'Yan ƙungiya ba su yafe min ba. Wasu suka daina amsa gaisuwata, ƙungiyar ta watse.

Bayan kusan shekara, ina cikin motar haya, sai na ji muryata tana fitowa daga wayar mutumin da ke gefena. Na leƙa. Shari'ar gona ce, tana tafiya sumul. Na roƙe shi ya mayar farko. An canza wa fim ɗin suna, kuma a wurin mai labari da mai shiryawa sunan abokina ne.

Ranar na je shagonsa. Ko tashi daga kujera bai yi ba.

"Da ba don ni ba, da yana bola," in ji shi. "Kwana uku ina fama da shi. Ku wasa kuka yi, ni na yi aiki."

Na ce, "To me ya sa ka rantse min?"

Ya ce, "In tura maka ko kada in tura? Mutane na jira."

Na miƙa masa wayata ya tura min. Wannan miƙawar ce take ci min rai har gobe.

Da na nuna wa 'yan ƙungiya, sai wasunsu suka ce ai ni na sayar masa, na zo ina yi musu kukan ƙarya. Ba ni da shaidar da zan kare kaina.

Yanzu in mun haɗu da shi a ɗaurin aure mukan gaisa, har in tambayi iyali. Mutane na cewa na iya haƙuri. Ba haƙuri ba ne, rasa yadda zan yi na yi. Tun daga lokacin ban sake rubuta ko layi ɗaya ba.