Tagogin da Kaka Ta Sa Aka Rufe

A shekarun da ake kiran jiharmu Gongola, akwai wata Asabar guda a cikin bazara da masu rubutu na Mubi suke haɗuwa a ɗakin karatu na gari. Ana jera tebura a baranda, kowa ya shimfiɗa ƴan littattafan da ya buga da kansa, a ciki kuma a yi ta karatu tun hantsi har la'asar. Wani ma'aikacin asibiti yakan kawo waƙoƙinsa. Wani tela yana da wasan kwaikwayo da ya ƙi ƙarewa, kowace shekara sai ya ƙara masa wani kashi. Akwai dattijo daga Sorau mai waƙoƙin Fulatanci da ajami, da matan wani coci masu littafin waƙoƙi da yaren Kamwe. Masu ƙosai da kunun gyaɗa kuwa tun kafin a buɗe ƙofa sun kama wuri a gindin dalbejiya.

Doka ɗaya ce a wurin. Duk wanda ya ɗora littafinsa a tebur, sai ya shiga ya karanta wa mutane wani abu daga ciki da bakinsa.

Shekara biyu ina zuwa ina tsayawa a bayan ƙofa. A ta uku, ina ɗalibi a makarantar horon malamai, na kai nawa. Tatsuniyar kakata ce, ta wajen uwa, wadda take zaune a Mugulbu. Labarin wani dutse ne da ƙishi ya dame shi, ya sauko mayo, wato kogi, shan ruwa, ya tarar da mata suna wanka, kunya ta kama shi, ya tsaya cik, yana nan tsaye har yau. Da yaren Gude take ba mu shi. Ni na mayar da shi Hausa, na kwafe shi sau huɗu kafin na yarda da shi.

A wani shago bayan kasuwa ake buga littattafan kowa. Mai shagon tsohon akawu ne, yana da tafireta da injin da ake juyawa da hannu. Shi ya buga mini a kan sitensil, ni kuma na zauna ina ɗaga kowace takarda a hasken ƙofa ina dubawa, har ya ce in na ƙara gano kuskure ɗaya zai miƙa mini tafiretar in yi da kaina. Muka jera shafuka a benci, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina haɗawa, na ɗinke su da zare da allura. Guda arba'in suka fita. Na daidaita bakinsu da reza.

Saura mako guda na kai wa Kaka na farko. Ba ta karatu. Ta shinshina tawadar, ta ja zaren da farce ta ga ko zai tsinke.

"Maigida, ashe ka iya ɗinki," in ji ta. Haka take kirana tun ina yaro. "To ga zanena can ya yage, shekara nawa kana gani."

Bayan an ci tuwo na karanta mata. Da na kai ƙarshe, ta ce dutsen ya fi haka kunya, amma ba laifi. Na gaya mata ran Asabar zan karanta a gaban mutane.

"Wane lokaci?"

"Bayan azahar, Kaka."

Ta karɓe littafin daga hannuna, ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

"Rana yana sama za ka yi tatsuniya? Wa ya koya maka? Mai yin tatsuniya da rana hanyar gida yana ɓace masa. Ni ban ba ka labarina don ka ɓata ba."

Na ce ai karatu ne daga takarda. Ta ce bakin da zai karanta na takarda ne?

Gaskiya a hanyar komawa makaranta daɗi na ji. Makonni ke nan ina fargabar tsayuwar nan, ga idanu, ga muryata da take maƙalewa ko a aji. Yanzu na sami dalili mai kyau. Na je na sami malaminmu na Hausa, wanda shi ne yake tsara jerin masu karatu, na gaya masa. Ya ce ba za a iya kai taron dare ba, mutanen Bahuli da Sorau suna son su isa gida da haske. Ya ce ko in karanta, ko littafin ya jira baɗi, in Kaka ta sauko.

Sai da na ɗauko kwalin littattafan daga shago na gane abin da zan rasa. Na buɗe na ga bakinsu a daidaice, na ji ina so in gan su a tebur kusa da na tela. Amma labarin nata ne, ban kuwa taɓa tsallake maganarta ba.

Ran Asabar na tura kwalin ƙarƙashin teburin mai shago, na koma wurina na bayan ƙofa. Ma'aikacin asibiti ya yi waƙa a kan sauro, aka yi dariya. Tela ya karanta kashi na bakwai, shi ne miji shi ne mata. Ana cikin haka na ji an ja mini riga ta baya. Kaka ce, da sandarta, ta biyo motar ƴan kasuwa.

"Na zo in gani ko ka ji magana," in ji ta.

Ta leƙa ciki. Ba ta kula da mutane ba, tagogi ta tsaya kallo. Shida ne, masu marfin katako. Ta daɗe tana dubansu. Da aka tashi hutun salla ta ce in kai ta wurin mai taron.

Malam ya rusuna ya gaishe ta.

"Ɗana, wannan abu yana rufuwa?"

"Suna rufuwa, Mama. Sai dai zafi."

"Zafi bai taɓa ɓatar da mutum ba. Ka rufe duka, da ƙofa. In rana bai ga ciki ba, ba ruwansa."

Malam ya dube ni, ya dubi rufin kwano. Dattijon Sorau yana kusa yana gyara takardunsa, sai ya sa baki. Ya ce su ma a ruga ba a yin tatsuniya da rana, kuma tsohuwa ta yi adalci, a rufe. Tela ya ce shi dai in ya narke a kwashe shi a kai wa iyalinsa.

Aka dawo, aka rufe. Wani marfi ya tsage a tsakiya, haske yana shigowa kamar zare. Kaka ta cire mayafinta ta sa aka rataya a kai. Mai shago ya aro fitilar ƙwai daga wurin mai gadi ya ajiye mini a tebur, ya zaro littafi ɗaya daga kwalin ya miƙo mini.

Na tsaya. Ban ga fuskar kowa ba. Takarda kawai nake gani, da yatsuna, sai motsin mafitai a cikin duhu. Layin farko ya fito a shaƙe, na biyu ya fi shi fita, daga nan na ji kamar a tsakar gidan Kaka nake. Gumi yana ɗiga daga haɓata, ina kauda littafin gefe kada ya jiƙa tawada.

Da na zo inda dutsen ya hango matan, akwai waƙar da suke yi masa. Ban sa ta a littafin ba, don na kasa mayar da ita Hausa. Na buɗe baki zan wuce, sai muryar Kaka ta taso daga bencin baya, da Gude. Wasu mata biyu ko uku da ban san suna ɗakin ba suka amsa mata. A zagaye na biyu har waɗanda ba sa jin yaren suna tafi. Na jira suka gama, na ci gaba daga inda yatsana yake.

Da aka buɗe tagogi kowa ya jiƙe sharkaf. Tela yana matse hularsa ya ce baɗi shi ma a duhu zai karanta, ko mutane sa daina fita a tsakiya. Malam da kansa ya jawo kwalin ya jera littattafan. Dattijon Sorau ya ɗauki ɗaya ya ba ni nasa na ajami a madadi, yana wurina har yanzu. Na zauna a bayan teburin har la'asar, ina gyara jerin duk lokacin da wani ya ɗauka.

Na ce wa Kaka mu nemi mota. Ta ce da ƙafa za mu tafi, ta ci ƙosai ta sami ƙarfi. Da muka fita daga gari sai ta tsaya, ta nuna gaba da sanda.

"Wuce, maigida. Ba zan ce maka dama ko hagu ba."

Na wuce, kwalin da ya yi sauƙi a kaina. Muka tsallake mayo, ba ruwa sai yashi mai zafi. A kowace mararraba ina jin sandarta ta tsaya a bayana, sai na ɗauki hanya ta ci gaba da bugawa. Haka muka iso ƙofar gida. Nan ta wuce ni ta shiga, ta fito da zanen da ya yage da allura, ta ajiye mini a cinya.