Fatun da Suka Shigo Ɗakin Inna

Ban wuce shekara goma sha biyu ba lokacin da nake aiki a rumfar fatu ta wani Alhaji a Sabon Garin Gusau, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Fatun jajayen awaki ake kawowa daga kasuwannin Tsafe da Bunguɗu. Mu yara mu kankare kitse da wuƙa, mu zuba gishiri, manya kuma su barbaɗa wata farar hoda mai kashe ƙwari. Daga nan a loda su zuwa Kano, daga Kano sai Turai, inda aka ce wani babban kamfani yana yin takalma da su.

Ba zan yabi rumfar ba. Warinta yana bin mutum har masallaci, gishiri kuma ya tsattsaga mana hannuwa. Amma iska tana ratsa ta, akwai famfo, akwai kuma wani tsoho ɗan Bunguɗu mai kula da mu, masifaffe na ƙarshe, wanda bulalarsa ke jiran duk yaron da ya matsa kusa da buhun hodar. Ƙanwata 'yar shekara shida, mai ciwon ƙirji tun tana goye, ita ke kawo min abinci. Tun daga bakin titi yake tsayar da ita da tsawa.

Sai labari ya zo cewa masu sayen takalma a Turai sun yi fushi, sun ce sun daina sayen duk abin da hannun yaro ya taɓa. Kamfanin ya aiko wa Kano sharaɗi, Kano ta aiko wa Gusau. Da safe Alhaji ya tara mu ya ce Turawa sun ji tausayinmu, kowa ya tafi gida. Na tafi ina tsalle.

Da la'asar amalanke ya tsaya a ƙofar gidanmu, ɗauke da fatu da buhun hoda. Baba yana zaune tun da masaƙa ta rage ma'aikata, bai ce a mayar ba. Alhaji bai ɓoye komai ba, don ba ya bukata. Ya san baligi ba ya shiga gidan matan aure, kuma a zaurenmu an rubuta "Ba shiga" da gawayi tun kafin a haife ni.

Aikin ya zama na gida duka. Ni da Inna muna kankara, ƙanwata kuma aka ba ta barbaɗa hoda, wai shi ne mara nauyi. Da damina ta sauka ba a barin fata a waje, sai aka riƙa jibge su a ɗakin Inna inda muke kwana. Hodar ta hau tabarma, ta hau ƙwaryar fura. Tarin yarinyar ya canja, numfashinta ya koma fito-fito.

A daminar ne mai duba aiki ya zo, wani mutumin Kano da kamfanin ya ɗauka. Ya ji ƙishin-ƙishin. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a zaure. Ina bayan bango da wuƙa a hannuna, ina jin komai.

"Malam, an ce ana kawo fatu gidan nan. Yara na taɓawa?"

Baba ya ce, "Mata ka yi, ranka shi daɗe. Ɗiyan duk suna makaranta."

Ƙanwata ta sarƙe da tari, ya daɗe bai sake ta ba.

"Wannan fa?"

"Mura ta."

Na leƙa, na ga mutumin ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi rubutun gawayin. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ɗakin. Amma mai tarbiyya ne, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sa takalminsa. Har yau ban tsani ladabin kowa kamar nasa ba.

Ƙanwata ba ta ga kaka ba. Gero na fitar da kai aka kai ta makwancinta.

Alhaji ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa, ya yi doguwar addu'a har da share hawaye. Da zai tafi ya ja Baba gefe ya ce, "In an share makoki a ƙarasa mini na ɗaka, mota na jira." Muka ƙarasa masa. Ni na karɓi barbaɗa hodar.

Ranar da na kai fatun na tarar an kafa allo a bakin rumfar, da hoton yara sanye da kayan makaranta suna dariya. An rubuta da Turanci da Hausa cewa babu yaro mai aiki a nan. Ba ƙarya suka rubuta ba.

Tsohon ya hango ni. Ba wanda ya gaya masa, ga alama. Ya ɗaga bulalarsa ya nuna ni, fuska a murtuke kamar kullum.

"Ina ƙanwar taka mai tari? Ka hwaɗa mata, ko da wasa kar in gan ta kusa da hodar ga."